Lahadin da Ka Miƙa wa Kamfanin Hanya

Zuwa ga ɗana Ɗanladi, a sansanin masu aikin hanyar Faskari zuwa Sabuwa.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Yau Lahadi, ina zaune a zaure nan Ketare. Ƙafar hagu ta kumbura har takalmi ba ya shiga, tarin ma bai sake ni ba. Na san abokan aikinka sai sun leƙa takardar nan. Su leƙa, har da su nake.

Tun girbi nake roƙonka ka zo in zaga da kai iyakar gonarmu ta fadama. Da ƙafa kakanka ya nuna mani ita: daga kuka, a bi layin gamba, har inda tsohuwar rijiya ta rufta. Bara wuta ta cinye gambar, garmar maƙwabcinmu kuwa sai matsowa take. In na faɗi, wa zai ce ga wurin?

Lahadi kaɗai kamfani ya bar maku. Ba foman ne ya ƙwace ta ba, ku kuka miƙa da hannunku.

Na ga yadda abin yake a zuwanka na ƙarshe. Ko furar ba ka shanye ba, tifa ta tsaya ƙofar gida. Dogon nan mai baƙin tabarau da kake kira Isiya, ko sallama bai yi mani ba, sai ihu: "Ɗan Baba, goya ka za a yi? Kowa na kwasar rabonsa na arzikin mai, kai kana gadin tsoho!" Suka kwashe da dariya. Kai ma ka yi, ita ce ta fi ƙona mani rai. Ka dire mani sabon rediyo, ka haye.

Rediyo ba ya riƙe hannun tsoho ya kai shi fadama.

Wai in ba ka fito aiki ran Lahadi ba, ka ja masu baƙin jini. Ashe tsoron bakin Isiya ya fi maka kunyar idona? Da nake malamin auduga a Kankara, ni ma an yi mani ba'a, amma duk Lahadi sai na hau keke na zo gaban kakanka. Yakan ce, aiki ba ya ƙarewa, mutum ke ƙarewa.

Ba gonar kaɗai ba ce, ɗana. Tun rasuwar mahaifiyarka ba wanda nake cin tuwo da shi. Kafaɗarka nake so in dafa, mu taka a hankali.

Allah ya tsare ka daga ƙarafan nan, ya raba ka da abokin da ke raba ɗa da uba, ya sa mu gana ƙafata na ɗaukata.

Ni ne,
Mahaifinka.

Tun hantsi na sa riga, na ajiye sanda kusa. Tifa ta wuce da la'asar, ba ta tsaya ba. Ga shi an kira magariba, ba ka zo ba. An ce gobe maƙwabci zai ɗaura wa shanu garma.