Muryar Baba a Ordinatar

Daren Laraba, Kona.

Yau Yaya Isufu ya tashi sa logisiyel, wato manhaja, a ordinatarsa, kwamfutar nan tasa mai tsarin Linux, don mu ji muryar marigayi Baba da ya ɗauka bara. Ta nemi kalmar sirri, yana bugawa, komai bai fitowa. Ya juyo: “Kai ka taɓa ta, ko?” Na rantse, har Inna ba ta yarda ba. Ban ga laifinsu ba, sun san halina.

Abokinsa na Tasawa ya ce ta waya haka Linux take, ɓoye rubutun take yi, ya buga ya wuce kawai.

Ya yi hakan, logisiyel ta shiga, ya kunna. Sai ga muryar Baba yana tari, yana cewa, “Ina ja'irin yaron nan?” Yaya ya matsa mani wuri bisa tabarma.