Inna, na raba maganina da Hadiza

Assalamu alaikum Inna, tare da fatan rahamar Allah na lulluɓe da ke a makwancinki.

Hadiza na kwance asibitin Konni yau kwana ukku, kuma ni na kai ta ga haka. Tsoro nake ji, Inna.

Bayan rasuwarki na shiga wani hali. Ba ci, ba barci, in tsaya gaban yara a lakwal, makarantar da nake koyarwa, hawaye na zuba ba dalili. Lokotoro ya ce ciwon damuwa ne, ya ɗora ni kan magani, ƙwaya guda kowace safiya. Sai da na yi wata guda kafin in ji sauƙi. Ya ja mini kunne: kar in ƙara, kar in daina kwatsam, kar in ba kowa.

Sai mijin Hadiza ya rasu. Na tarar da autarki a Tsarnawa cikin takaba, ta zuba wa bango ido, furar da aka dama mata har ta tsinke. Na tuna yadda kike raba mana tsire ɗaya gida biyu kina cewa, "Kar in ji ɗayarku ta hana ƴar'uwarta." Na ɓalli rabin katin maganin na danƙa mata, ina ganin zumunci na yi.

Ta sha kwana biyu ba ta ga canji ba. Ta ɗauka irin na ciwon kai ne, ta koma bibbiyu, daga baya ukku-ukku, ga jiƙon da uwar mijinta ke ba ta. Ranar da aka kira ni, jikinta na kyarma, zufa ta jiƙa zanenta, zuciyarta na bugawa har ana gani ta riga. Dangin miji suka ce iska ce. Ni na san ba iska ba ce, na sa aka kai ta asibiti.

Ni ma nawa ya ƙare kafin lokaci. Jiri ya kusa kayar da ni daga kabu-kabu a hanyar asibitin.

Na faɗa wa lokotoro komai. Bai yi faɗa ba, ya dai tambayi sunan maganin, da yawan da ta sha, da abin da ke cikin jiƙon. Ya mayar da ni kan nawa. Sannan ya ce awo ya nuna Hadiza na da cikin wata biyu. Akwai masu cikin da ake ɗorawa kan irin maganin, in ji shi, amma da awo da kulawa, ba yadda na yi ba.

Gobe za a duba lafiyar cikin. Shi kaɗai marigayin ya bar mata. Ɗazu ta riƙe hannuna tana sa mini albarka, wai ni ce na tsaya mata, na kasa kallon idonta.

Allah Ya tashi kafaɗarta, Ya raya abin da ke cikinta, Ya yafe mini. Ke kuma Ya haskaka kabarinki.

Ɗiyarki ta fari,
Zalika