Ruwan Goshin Jariri

Okinawa, 9 ga Janairu

Yaya Sayuri,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya nauyin jiki? Ya maigidanki da sanyin Osaka? Mu nan ƙalau muke, sai dai gwiwar Kaka.

Bayan haka, sakamakon gwajin jini ya fito. Lambar Kaka ta fi ta kowa a layinmu. Nas ta ce lambar tana nuna yawan sinadarin gubar nan ne da ya shiga idon ruwanmu. Wai a cikin jini akwai wani furotin mai aikin dako, yana kai kaya ko'ina a jiki, shi kuma sinadarin sai ya maƙale masa ya ƙi sauka, shekara da shekaru. Na so in tambaya ko ɗan dakon bai gane ba ne cewa ba kayansa ba ne, amma mutane sun cika ɗakin. Kaka ta ce baƙon da ya daɗe haka a jikinta ai ya zama ɗan gida, a ƙyale shi.

Ga abin da ya dame ni. Kin ce ba za ki zo haihuwa gida ba muddin za a taɓa jaririnki da ruwan nan. Kaka kuma ta ce da shi aka shafa mana goshi sau uku da aka haife mu, kuma yaron da idon ruwa bai sani ba, ba ɗan garin nan ba ne. Ta ce in ɗebo a ajiye. Na ce to. Ke ma na ce miki to. Yanzu ban san ta wa zan cika ba.

Ƙanwarki,
Mahiru

Okinawa, 16 ga Janairu

Yaya Sayuri,

Ina gaishe ki ƙwarai. Ƙafafun sun daina kumbura?

Jiya da safe na sayi ruwan roba a kanti na ɓoye a jaka, da niyyar in juye a tulu in ce na idon ruwa ne. Sai Kaka ta ce za ta raka ni idon ruwan. Muna isa gindin allon da aka rubuta kada a sha, ta miƙo hannu ta ce in ba ta. Wai tun daga gida take jin ƙarar robar, kuma ni ko kyanwa ba zan iya ruɗawa ba. Na ji kamar in nutse.

Ba ta buɗe murfin ba. Ta durƙusa da ƙyar, ta tsoma robar cikin ruwan, ta faɗa wa idon ruwa sunanki da watan haihuwarki. Da muka koma gida ta sa na wanke bayan robar da sabulu sau biyu.

Ban sani ba ko wannan ya yi, Yaya, kuma na kasa tambaya. Robar tana nan a rufe gaban hoton marigayi Kakanmu. Yau Kaka ta fito da katifarki ta shanya.

Don Allah ki faɗa mini ranar da zan je tarbarki.

Ƙanwarki mai kewarki,
Mahiru