Inshorar Tarakta

Irbid, Lahadi

Zuwa ga ƙanena Mu'utasim,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Sausan da yara. Da gaske nake tambayar lafiyarka, domin ciwo ne kaɗai zan karɓa a matsayin dalilin da wayarka ta kwana takwas a kashe.

"Yaya, ki cire hannunki daga takardun motar nan. Muddin ina numfashi ba za ki tsaya layi cikin maza ba, kuma duk abin da ya taso ni ne a gaba." Haka ka faɗa a kicin ɗina cikin watan Maris, bakinka cike da shinkafa. To, abu ya taso. Na leƙa gaba, ban ga kowa ba sai 'yata Gadir.

Na san labari ya iso ka. Zan rubuta shi duka, don kada ka ce rabi ka ji.

Asabar waccan da safe Gadir ta ɗauki motata za ta kantin maganin da take aiki. A kwanar da ke bayan injin matse zaitun, wani dattijo mai suna Abu Rakan ya fito daga bayan motar kaya da tsani a kafaɗa. Ba gudu take yi ba, amma ta buge shi. Kansa na kan cinyarta har asibiti. 'Yan sanda suka riƙe ta, kamar yadda ake yi har a ga halin da wanda aka buge zai kasance. Ban ruɗe ba. Na buɗe aljihun mota na ɗauko takardar inshorar da ka kawo, mai kyau cikin ledarta, na miƙa wa mai bincike kamar mai miƙa shaidar digiri.

Ya buga lambar, ya dube ni, ya sake bugawa. Sai ya ce, "Malama, kina da tarakta?"

Lambar ta wata tarakta ce a garin Mafrak. Hatimin na jabu ne. Daga nan mutumin ya shiga yi mini karatu a hankali, yadda nake yi wa ɗalibin da ya maimaita aji. Ya ce inshora iri biyu ce. Akwai ta dole, wadda doka ta ɗora wa kowace mota, ita ke tsaya wa mutumin da ka buge. Akwai cikakkiya, wadda ke haɗawa da motarka. Ya tambaye ni wacce na zata ina da ita. Na ce cikakkiya, haka aka gaya mini. Ya ce ba ni da ko ɗaya, kuma wata bakwai ke nan 'yata na yawo a titi ba abin da ke bayanta.

Washegari na tafi ofishin lasisi, na tsaya a layin da ka ce ya fi ƙarfina. Minti arba'in ya kai ni taga, har wani tsoho ya ba ni kujerarsa. A bakin ƙofa na ga mutanenka, masu jaka a hammata, suna tare duk mai takalmi mai sheƙi suna cewa, "Ranka ya daɗe, a hutar da kai." Nan na gane komai: wajen irinsu ka karɓo takardar. Ba mugunta ka yi ba, ka ga dai ɗan gidanmu bai dace ya tsaya bayan direban tasi ba. Kai kana da mutum. A kotu kana da mutum, a asibiti kana da mutum, da lahira na da ƙofar baya da a can ma ka yi mutum.

Ban wanke kaina ba. Shekara talatin ina koyar da adabi. Takardar da ke cikin kwalin magani ma sai na karanta ta na gyara mata nahawu. Wannan ɗaya ce ban buɗe ba, don daga hannunka ta fito.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Mai binciken ya tambayi wanda ya kawo takardar, na ce ban tuna ba. Na san idan aka haɗa sunanka da takardar jabu, lasisinka na fito da kaya a tashar jirgin ruwa ta Akaba ya tafi, abincin yaranka ya bi shi. Saboda wannan ƙarya tawa, Gadir ba direbar da ta yi haɗari ba ce kawai. Ita ce wadda aka kama da takardar jabu, shi ya sa aka ƙi belinta.

Ranar Talata Abu Zaid, baffan Gadir, zai ja dattawa zuwa gidan Abu Rakan neman sulhu. Tunda mahaifinta ba ya raye, kujerar da ke kusa da baffan taka ce. Ka zo ka zauna a kai.

Ka gaida Sausan, ka shafa mini kan yara.

Yayarka,
Intisar

Irbid, Laraba

Mu'utasim,

Sallama da fatan alheri. Na ji kana lafiya, domin Sausan ta kira ta ce aiki ne ya yi maka yawa, jirage sun taru. Da ji na san kai ka sa ta faɗi haka. Kada ka ƙara sa ta yi maka wannan aikin, ba ta iya ba.

Ranar Litinin likitoci suka yanke ƙafar Abu Rakan daga ƙasan gwiwa. Shekararsa sittin da takwas, itatuwansa na zaitun ɗari da wani abu, kuma ana tsakiyar tsinka.

Jiya aka je. Maza ashirin da biyu Abu Zaid ya tara, har da limamin unguwa da tsohon shugaban makarantarmu. An zuba masa gahawa, ya ajiye finjalin a gabansa bai sha ba, don a al'ada ba a sha sai an amsa roƙo, ya faɗi abin da ya kawo su. Rakan, babban ɗan, ya saurara har ƙarshe. Ya ce mahaifinsa da bakinsa ya shaida yarinyar ba ta yi ganganci ba, kuma ba su da buƙatar ta ƙara kwana a tsare. Amma ba za su sa hannu a yafiya ba sai mutumin da ya sa ta a mota da takardar ƙarya ya zauna a gabansu ya ce ni ne. Ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko yana cikinsu. Abu Zaid ya ce mini a rayuwarsa bai taɓa kallon tabarma tsawon haka ba. Gahawa ta huce, suka tashi suka bar ta.

Ni ina ɓangaren mata. Na shirya wa zagi, har na so a yi. Ummu Rakan, matar dattijon, ta kawo mini ruwa da hannunta, ta zauna kusa da ni tana gyara mayafi. Ta ce ita ba ta yi makaranta ba, amma taraktarsu duk shekara ita ke tsare mijinta har ya je ya biya da kansa, ya kawo takardar jikarta ta karanta mata. Daga nan ta ce, "An ce ke malama ce." Da ta mare ni da ya fi sauƙi.

Da safen nan aka bar ni na ga Gadir. Ta rame, tarinta ya dawo, kuma mai kantin ya aiko cewa ba zai iya riƙe mata gurbi ya wuce ƙarshen wata ba. Ba ta yi kuka ba. Ta tambayi ƙafar tsohon, na gaya mata. Da zan tashi ta riƙe hannuna ta ce, "Mama, ina kicin ranar da Kawu ya kawo takardar. Ban faɗa ba, ina jira ne in ga wa za ki zaɓa."

Kwana goma sha ɗaya ke nan ina zaɓenka, Mu'utasim, ban ma san zaɓe nake yi ba.

Rakan ya yarda a sake zama ranar Asabar bayan la'asar. Motar safe daga Akaba za ta kawo ka da sauran lokaci, har ka yi wanka a gidana ka canja riga. Idan ka zo ka faɗa da bakinka, zan bi ka wurin mai bincike, in nemo maka lauya, in tsaya a kowane layi dominka.

Idan aka zuba gahawa ba ka nan, zan tashi daga cikin mata in shiga ɗakin maza da ƙafata, in faɗi sunanka da na ubanmu a gaban limami. Lahadi da safe kuma in maimaita shi a ofis, in sa hannu. Abin da zai sami lasisinka ya same shi. Na goya ka shekara biyu lokacin da Mama ke kwance, amma Gadir ni na haife ta.

Ka gaida Sausan, ka ce mata ba da ita nake ba.

Yayarka,
Intisar