Dalma a Bakin Rigar Cleophus

Lahadi, 4 ga Agusta, 1974

Yau a coci Cleophus Gandy ya tashi daga bencin masu tuba ya ce yana son baftisma. Kowa na ta “Amin”, ni kuwa na matse maficina har sandarsa ta karye. Shi ya tuƙa motar a buge da giya ranar da ɗana Lemuel ya rasu a hatsari. Ya gama zaman gidan yarinsa, ga shi yana yawo da ƙafafunsa biyu. Kuma duk ikilisiyar nan an san mai ɗinka fararen rigunan baftisma. Ni ce.

Talata, 6 ga Agusta

Fasto Hairston ya zo, wai gaisuwa ce ta kawo shi. Sai da ya ci burodin masarata ya ƙoshi sannan ya ce, “Mama Vergie, a ruwan nan binne mutum muke yi. Tsohon ya tafi, sabo ya fito.”

Na ce, “Fasto, nawa da kuka binne ya fito?”

Ya sunkuyar da kai. Na ji kunya bayan tafiyarsa, amma ban janye maganata ba.

Alhamis, 8 ga Agusta

Ban ko kalli keken ɗinki ba.

Litinin, 12 ga Agusta

Ozella maƙwabciyata ta shigo muna ɓare wake. Wannan baki nata! Ta ce, “Ɗinka masa mana, Vergie, amma kada ki sa dalma.”

Kowace riga nakan ɗinke 'yan dalmar fatsa cikin kalmasar ƙasanta. In babu su, da mutum ya shiga kogi sai rigar ta taso ta kumbura har hammata, ya sha kunya a gaban jama'a. Mun yi dariya har da hawaye. Ubangiji ka gafarta mini, shawarar ta yi mini daɗi.

Juma'a, 16 ga Agusta

Cleophus ya zo awo. Ya tsaya a baranda da hula a hannu, sai da na ce masa shigo. Ya rame ƙwarai, kafaɗun nan duk ƙashi.

Ina cikin awo ya ce, “Mama, na san ruwa ba zai wanke abin da na yi miki ba. Na gaji da ɗaukar tsohon mutumin nan da ke cikina ne, ina so in kai wa Yesu shi.”

Na ce, “Ɗaga hannunka. Ba wa'azi na ce ka yi mini ba.”

Bai daina ba. Wai ranar da aka yi wa Lemuel baftisma yana kan gada yana yi masa fito don tsokana. Da Lemuel ya fito daga ruwa ya ɗaga kai ya ce masa, “Saura kai, mai ƙaton kai.” Ina nan a bakin ruwa ranar, riƙe da tawul, na ga yaron yana dariya, ban taɓa sanin da wa yake ba. Na yi kewar ɗana yau, kamar jiya ya tafi.

Laraba, 21 ga Agusta

Riga ta kammalu, saura kalmasa. Gwangwanin dalmata babu ko ɗaya. Na ce wa kaina to, ba da gangan ba ne, su suka ƙare.

Asabar, 24 ga Agusta

Da hantsi na jawo akwatin fatsar Lemuel daga ƙarƙashin gadonsa. Tun rasuwarsa ban buɗe ba. Har yanzu yana ƙarnin kifi. Dalma cike da ƙaramar kwalba, kowace da shatin haƙoransa, don da haƙori yake matse su. Na yi faɗa a kan haka har na gaji, bai ji ba.

Na daɗe zaune da su a tafin hannuna.

Lahadi, 25 ga Agusta

Rana ta buɗe, kogi ya kwanta. Dattawan ikilisiya suka shiga gaba da sanduna suna taɓa ƙasa, mu mata muna waƙa a gaɓa. Cleophus ne na ƙarshe. Ruwa ya kai masa ƙugu. Ozella ta zungure ni tana jiran abin kallo.

Rigar ba ta motsa ba.

Fasto ya kira sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ya kwantar da shi cikin ruwa. Na ga kamar an daɗe, har na ji kaina ina cewa, “Ku ɗago shi mana.” Ya fito yana tari yana kuka.

Ba ni aka sa riƙe masa tawul ba. Innarsa aka sa, amma ta tsaya nesa, mutum kuma ba ya kallon ɗan wani yana karkarwa. Ina lulluɓa masa ya shafa bakin rigar, ya ji shatin haƙoran Lemuel a dalmar da yatsansa, ya dube ni. Ya gane. Tare suka yi ta fatsa tun suna yara.

Na ce, “Kada ka yi mini kuka a kan rigar coci, yaro.”

Ozella ta ce zuciyata ta yi laushi. Ba haka ba ne, kantin sayen dalma ne ya yi mini nisa. Na gaya wa Cleophus matakalar barandata ta karye, ya zo Asabar ya gyara. Zan soya kifi, tunda dai dole in ci wani abu ranar.