Ƙanina ya tsayar da gem ya fita, bai dawo ba

Malam, don Allah ka taimake ni da shawara, kaina ya ƙulle. Na san da ka fara karantawa za ka ce ga babban mutum da furfura a gemu yana rubuto wasiƙa a kan wasan yara. Ka daure ka kai ƙarshe.

Ni direba ne, motar ma'aikatan wani kamfani nake ja. Mu biyu ne maza a wurin mahaifiyarmu, ni da Auta. Muna yara babanmu ya sayo mana na'urar gem ta gwanjo, irin wadda ake cusa wa kaset a jona da talabijin. Kaset ɗaya tak ta zo da shi, na wani ninja, ɗan ƙaramin mayaƙi mai baƙaƙen kaya da rufaffiyar fuska. Aikinsa gudu da sara da tsalle daga wannan katanga zuwa waccan, ƙasa rami ne, ga wasu jemagu da ba sa kawo maka bugu sai ka tashi sama. Rai uku ake ba ka. In sun ƙare ka koma farko. Kuma na'urar ba ta ajiye inda ka tsaya. Ka kashe ta, ko wuta ta ɗauke, wahalarka ta tashi a banza.

Ba mu taɓa ganin ƙarshensa ba. In wuta ba ta ɗauke ba, Mama za ta zare waya ta kora mu ga littafi. Ni dai ban taɓa wuce zango na huɗu ba, wurin wata gada mai rugujewa. Auta ya laƙaba mini Hannun Katako, ni kuma nakan ce masa ya bari ya girma mu ga ko ninja zai ɗauke shi aiki. Da ya girma ya zama mai gyaran waya, sai ya riƙa ce mini ai ga shi nan ya ɗauke shi, ninja ne ya koya wa yatsunsa tsince ƙananan kusoshi.

Bara ya tono na'urar a cikin tarkacen Mama, ya gyara ta, ya jona a falonsa. Gidansa akwai sola da batir, shi ya haɗa su da kansa, wuta ba ta yankewa. Ranar da abin ya faru ya kira ni ina bakin aiki, muryarsa kamar ta ɗan firamare. Ya ce ya kai ƙofar ƙarshe, bayanta babban ogan wasan yake, saura masa rai ɗaya, ya tsayar da wasan kuma ba zai shiga ba sai na zo. Wai in taho da katakona in tafa masa. Kafin in tashi aiki wani ya kira shi shago, ya hau babur ya fita. Mota ta buge shi a mararraba. Ko asibiti bai kai ba.

Bayan masu gaisuwar mutuwa sun watse na shiga falon mayar da kujeru, sai na ga 'yar jar fitilar na'urar a kunne. Na kunna talabijin. Malam, ga ninja tsaye a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a gaba, takobi a hannu, yadda ya bar shi. Hannun gem ɗin, wato abin da ake dannawa, yana kan kujera inda ya ajiye. Duk zaman makokin ban yi kuka ba sai a wurin nan.

Na roƙi matarsa kada ta kashe, ta ce to. Yau an shiga wata na biyu. Kullum in na tashi aiki sai na biya na duba batir. In an yi hadari rana ba ta fito ba, nakan kira ta in ce don Allah kada ta yi guga, ta haƙura da fanka. 'Yarsu ta fara rarrafe, ba abin da take so kamar jar fitilar nan, sai da muka kewaye wurin da kujeru. Matar tasa, baiwar Allah, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Amma ta rufa wa na'urar zane, ta daina zama a falon, a kicin take cin abinci. Makon jiya ta ce mini ƙarshen wata za ta koma gidan iyayenta, an riga an sanar da mai gidan hayar. Ta ce Yaya, kamar yadda take kirana, in yi yadda zan yi da abin, ita ta gaji da ganin abu yana jiran mutumin da ba zai dawo ba.

Ɗauke na'urar a kunne ba zai yiwu ba, wayar a bango take, batiran kuma a wani ɗaki. Na tambayi abokin aikinsa, wanda suke ce wa Injiniya, ya ce ko ƙiftawar ido wuta ta yanke shi ke nan. Shi gwani ne a wasan, ya ce in na yarda zai zo ya gama mini cikin minti kaɗan. Zuciyata ta ƙi. Na sa ya zuba mini irin wasan a waya, ina gwadawa duk inda na faka mota ina jiran ma'aikata. Har yau gadar nan ce take kashe ni. Shekaranjiya na shagala har wani ma'aikaci ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce ko direba ya koma firamare ne. Na tayar da mota a gigice, na kusa gogar wata motar a bakin get.

Matata ta ce in je in zare waya in huta, mamaci addu'a yake buƙata, ba takobi ba. Na san gaskiya ta faɗa, amma kwana biyu ban yi mata magana ba. Mama ba ta san komai game da na'urar ba, ina jin kunyar gaya mata.

In na kashe, ji nake kamar ni na ƙarasa shi. In na danna na shiga da rai ɗayan nan, na san minti ɗaya ba zan yi ba, zan zubar da abin da ya shekara yana nema. In na ba Injiniya, ba namu ba ne kuma. Ranar tashi tana matsowa, ni kuma kullum sai in zauna gaban talabijin ina kallon ɗan mutumin nan, shi ma kamar yana kallona. Malam, yaya zan yi?

Naka,
Direba mai kewar ƙani

*

Ɗan'uwa,

Allah ya jiƙan ƙaninka, ya ba ku haƙuri. Na karanta wasiƙarka har ƙarshe, ban ga abin dariya ba. Masu rashi sukan riƙe abin da mamaci ya taɓa a ƙarshe. Wani riga ce a jikin ƙusa, wani saƙon murya ne a waya. Naka ya fi nasu wuya ne kawai saboda yana cin wuta, kuma a gidan wata yake.

Daga nan zan fara, domin a wasiƙarka mutum biyu ne ke cikin rashi. Kai ka rasa ƙani, ita ta rasa miji da uban 'yarta. Ka lissafa mini abin da ta haƙura da shi: guga, fanka, falonta. Ka ce kullum kana biyawa ka duba batir, ban ga inda ka ce ka tambaye ta yadda ta kwana ba. Ba zarginka nake yi ba, baƙin ciki yakan rufe wa mutum ido. Amma abin da yake sanyaya maka zuciya shi yake ƙona tata, kuma ta yi shiru ne don girmanka. Kafin komai ka je ka gode mata, ka ba ta haƙuri, ka ce ta kunna fankarta. Matarka ma ka shirya da ita. Maganarta ta zo da kaifi, amma ba ƙarya ta yi ba.

Sai batun na'ura. Ka yarda da Injiniya, ba za ta ɗauku a kunne ba. Ko da za ta ɗauku, tsohuwar na'ura da ta yi makonni tana aiki ba hutu tana iya mutuwa kowace rana. Saboda haka wasan nan zai ƙare ko kana so ko ba ka so. Abin da ya rage a hannunka shi ne ko ya ƙare kana zaune a wurin, ko ya ƙare kana kan titi batir ya yanke maka hukunci.

Shawarata ita ce ka sa rana kafin a fara ɗaure kaya, ranar da ba ka da aiki. Ka ɗauki hoton talabijin ɗin da kyau, ka yi ɗan bidiyo, domin shaidar inda ya kai ita ce abin da za a iya ajiyewa, kuma wata rana 'yarsa za ta so ta gani. Ka gaya wa Mama. Ita da ta sha zare muku waya ta fi kowa sanin matsayin wasan nan a tsakaninku. Ka tambayi matarsa ko tana son ta zauna ko ta fita, duk wanda ta zaɓa kada ka ja. In ta ce ita take son ta kashe da hannunta, ka bar mata, tana da haƙƙi.

In ta bar maka, ka ɗauki hannun gem ɗin ka shiga. Mai yiwuwa ogan ya gama da kai nan take, ba zan yi maka alƙawarin nasara ba. Amma ba za ka zubar da komai ba. Ya riga ya kai ƙofar, wannan ya faru, faɗuwarka ba za ta goge shi ba. Shi kansa bai isa wurin ba sai da ya faɗa ramukan nan sau ba adadi. Injiniya yana iya nuna maka ƙarshen wasan, amma da ƙarshen kake nema da tuni ka nemo bidiyonsa a waya ka kalla. Ƙaninka kai ya kira, kuma ya san irin hannunka lokacin da ya kira ka.

Abu ɗaya ne ba shawara ba, gargaɗi ne: ka goge wasan nan daga wayarka yau. Rayukan mutane kake ɗauka, kuma mahaifiyarku ɗa namiji ɗaya ya rage mata. In shagalar nan ta ci gaba bayan an gama wannan, ka ga likita, ka kuma samu wani babba da ka yarda da shi ka riƙa amayar masa da abin da ke ranka.

Bayan an kashe, ka naɗe wayoyin, ka nemi izininta ka tafi da na'urar gida. Sannan ka cire riga ka taya ta ɗaure kaya, ka kai ta gidan iyayenta da kanka, ka kuma ci gaba da zuwa duba su ko da babu batir a can.

Allah ya yi masa rahama, ya raya abin da ya bari, ya sanyaya zukatanku baki ɗaya.