Wasan da Na Yi da Sunan Zulai

Asabar, 5 ga Yuli, 2025

Zulai'atu ta zo hutun kwana uku. Wata takwas ke nan da ta fara aiki a filin jirgin sama, cikin masu duba kayan fasinja. Ɗiyata, ni Shu'aibu mai gyaran injin jirgin ruwa, wanda lissafin rabawa ya kora daga aji biyar, ita ce yau take ce wa manyan alhazai su cire takalmi. Kuma su cire! Ni shekara talatin ina ce wa matuƙan Yelwa su riƙa tace mai, ba wanda ya ji.

Ta kawo wa uwarta Dije atamfa, ni kuma agogo. Fari, mai madaurin ƙarfe, ga nauyi. Ban taɓa ɗaura agogo ba, da ladan da cikina nake sanin lokaci.

Ta ba mu labarin aikin. Duk wanda ya zo sai ya zuba waya da makulli da agogo cikin tire, tiren ya shige na'ura ya fito ta can. Ta ce masu mantuwa sun yi yawa, har haƙoran roba an taɓa bari. Na ce, "Uwata, in an samu na ƙasa ki aje mini." Ta yi dariya har ta ƙware. Tun tana ƙarama ita ke fara dariya kafin in kai ƙarshen zance. Sunan Inna mahaifiyata na sa mata, da dariyar Inna ta zo.

Litinin, 7 ga Yuli

Na je bakin ruwa da hannun riga a naɗe. Sallau taubashina, dillalin kifi, shi ya fara gani. Ya ce, "Shu'aibu, wa ya mutu ya bar maka?"

Ai sai baki ya buɗe. Na ce wani Alhaji ne ya aje cikin tire ya tsaya gyaran zariya, ɗiyata ta tuna hannun ubanta tsirara yake, ta ce Alhaji na da wasu a gida. Na kwaikwayi Alhajin yana laluben aljihu yana "Yarinya, ba ki ga agogona ba?" Mata masu banda suka bar kifi yana ƙonewa. Sallau na riƙe da waya yana ɗauka, ni har gyara tsayuwa na yi don agogon ya fito sosai.

Rabon da in ci kasuwa haka tun bara.

Juma'a, 11 ga Yuli

Bidiyon ya shiga guruf ɗin 'yan Yauri na waya. Yau a ƙofar masallaci mutum uku suka ba ni saƙo. Ɗaya waya yake so, ɗaya tabarau. Na ce su bi layi, sai an gama da dangi.

Dije ta ce wasan nan bai yi mata ba. Na ce Dije, wane wasa ya taɓa yi miki?

Lahadi, 20 ga Yuli

Zulai ta kira. Agogon wani fasinja ya ɓace a layinsu ran Alhamis. Kyamara ba ta nuna komai ba, wani mai babbar riga ya tare wurin. Su uku ne a bakin na'urar, duka an yi musu tambayoyi. Biyu sun koma aiki. Ita an dakatar da ita, don wani ya tura wa ogansu bidiyona.

Ta ce, "Baba, sun kunna mini shi a ofis. Sau biyu."

Na ce ai kowa ya san ni da wasa. Ta ce, "A Yelwa aka san ka."

Litinin, 21 ga Yuli

Ban fita ba. Na ce wa masu injuna ba ni da lafiya, kuma ban yi ƙarya sosai ba.

Laraba, 23 ga Yuli

Abin da na yi jiya ya fi na bidiyon muni, gara in rubuta shi a nan tunda ba mai karanta rubutuna, ni ma da ƙyar.

Tun ran Lahadi nake juya agogon a hannu. Nauyinsa. Ƙyallinsa. Sallau ya taɓa cewa wannan bai yi kama da na sabon ma'aikaci ba, da wasa ya faɗa, amma maganar ta zauna mini. Na kira ta da hantsi, na yi ta kewaye-kewaye, ruwan sama, lafiyar gari. Sannan na ce, "Uwata, wai ni ina kika saye shi ne?"

Har sai da na duba wayar ko kati ne ya ƙare.

Ta ce, "A kasuwa, Baba. Wurin mai tebur. Ba su ba da rasit." Ta ce a gaida uwarta, ta kashe.

Agogon fasinjan ya ɓace bayan ta kawo nawa da kwana goma sha biyu. Ko ɗan aji biyar ya san wannan lissafin. To mi nake tambaya? Ko akwai wani Alhajin kafin wannan, shi nake tambaya. Ta kuma gane.

Asabar, 26 ga Yuli

Ta dawo gida. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, babu abin da za ka ce ta rage. Da muna cin tuwo na ce miyar Dije yau ta bi ta cikin na'ura, an cire mata nama. Ba wanda ya ɗaga kai. Cokalin miya ma ya fi ni samun amsa.

Da la'asar maƙwabciyarmu ta leƙo wai ta zo jaje. Idonta na kan akwatin Zulai.

Laraba, 30 ga Yuli

Takarda ta zo ta waya. Kwamiti na son ganin agogon da mai agogon ran Talata. Zulai ta karanta mini don Turancin ya fi ƙarfina. Dije ta wanke mini shaddar Sallah, ta ce, "In ka je, ka bar bakinka a tasha."

Laraba, 6 ga Agusta

Mun dawo. Kwana biyu a mota, kujera ɗaya, ba mu yi maganar da ta kai ta cika cokali ba.

Ashe kafin ka kai ofishin sai ka bi ta wurin binciken. Ga tiren nan da na yi ta ba da labarinsa ban taɓa gani ba, roba ce kawai kamar ta wankin kifi. Na zuba hula, waya, agogo. Abokan aikinta na kallona, sun gane ni, ɗaya ta taɓa ɗaya. Zulai na bayana cikin kayan gida, a wurin da ta saba tsayuwa da yunifom. Wata ta ce mata ta ɗaga hannu, ta laluba ta kamar baƙuwa.

Kwamitin mutum huɗu. Shugabarsu wata Hajiya mai tabarau, ta ce, "Malam Shu'aibu, ka maimaita mana abin da ka faɗa a bidiyon."

Na ce wasa ne, ranki ya daɗe. Ta ce ta sani, in maimaita.

Na maimaita. Alhaji, zariya, hannun uba tsirara. A ɗaki mai sanyi, ba mai dariya, wani yana rubutawa. Ban taɓa jin maganata ba sai ranar. In ka cire dariyar, abin da ya rage shi ne wani tsoho yana cewa ɗiyarsa ɓarauniya ce.

Suka karɓi agogon. Wani ya juya bayansa, ya gwada da takardar da fasinjan ya kawo, ya ɗaga shi a tafin hannu. Ya ce, "Wannan ai na kan tebur ne, ruwa ya taɓa shi zai yi tsatsa."

Sai na sauke numfashi. Da ƙarfi, har kafaɗuna suka faɗi. Na waiwaya in yi mata murmushi, na tarar tana kallona. Ta ga numfashin. Mutumin da ya yarda da ɗiyarsa ba ya sauke irin wannan numfashin.

Juma'a, 8 ga Agusta

Sun ce ta koma aiki, ba a same ta da laifi ba. Amma an ɗauke ta daga na'ura, an kai ta ƙofar shigar motoci, cikin rana. Wai sai magana ta kwanta. Na fasinjan har yau ba a gan shi ba.

Ta tafi da safe. Na ɗauki jakarta zuwa tasha, ta bar ni na ɗauka, shi ke nan.

Litinin, 11 ga Agusta

Na je bakin ruwa in warware abin da na ƙulla. Na hau kan wani kwale-kwale da aka kife, na ce jama'a ku saurara, maganar agogon nan ƙarya na yi, ɗiyata saye ta yi.

Suka fashe da dariya. Wani ya ce, "An sasanta da Alhajin ke nan!"

Na sake faɗa. Suka ƙara. Na rantse da Allah, wata mai banda ta ce yau Shu'aibu da sabon salo ya zo. Shekara talatin ina koya musu kada su yarda da ni, sun kuma koya. Sai a karo na huɗu, da muryata ta yi wani iri, suka fara kallon ƙasa. Sallau ya kamo hannuna ya sauke ni. Ya ce, "Ya isa, ɗan'uwa. Ni na ɗauka, ni ma da nawa."

Na ce to ɗauki wannan ma. Ya ɗauka ya tura. Zuwa la'asar mutum tara suka kalla. Na farkon an ce har Legas ya je.

Alhamis, 14 ga Agusta

Dije ta ce, "Ka ba kwamiti haƙuri, ka ba masu kifi haƙuri. Saura wa?"

Na ce uba ba ya durƙusa wa ɗiya. Ta ce ba durƙuso aka ce ba, waya gare ka.

Na shiga rumfar gyarana na danna saƙon murya. Na farko na fara da tambayar ko rana ta mai da ita bandar kifi. Na goge. Na biyu ma wasa ya kutso ta tsakiya. Sau bakwai. Ashe ban iya magana miƙe ba, kamar injin da farfelarsa ta karkace. Na takwas na ce, "Zulai'atu, bidiyon wauta ce. Tambayar da na yi miki ita ce laifin. Na yi zarginki, ba ki cancanta ba. Ki yafe mini." Na tura kafin in saurara.

Alama ta nuna ta ji. Ba amsa.

Asabar, 16 ga Agusta

Ba amsa.

Lahadi, 17 ga Agusta

Ta kira bayan azahar. Ta ce, "Na ji, Baba." Na ce to. Ta ce ranar ƙofar da zafi amma ana sabawa. Ta tambayi gwiwata. Minti huɗu muka yi. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta dai ce za ta sake kira ran Juma'a, kuma ba ni na roƙa ba.

Da yamma ɗan Bello mai kwale-kwale ya dawo daga kudu da sabon babur, wata biyar kacal da tafiyarsa. Duk rumfa aka juyo ana kallona, ana jira. Kuma ina da maganar zolaya, wallahi, mai kyau, ta zo har kan harshe. Na ce Allah ya sanya alheri, na ci gaba da goge fulogi.

Sallau ya ce lafiya? Na ce mura ce. Daminar bana da sanyi.